Hyperbole: tambayoyin da aka fi yi a kan ma'anarta da yadda ake amfani da ita

Duk shekara da zarar WAEC da NECO sun matso, ko an fara shirin JAMB, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo min a kan kalmar nan ta Turanci hyperbole. Wasu a takarda suka gan ta ba su taɓa jin an furta ba, wasu kuma a labarai suka ji ɗan siyasa ya ce maganar abokin hamayyarsa hyperbole ce kawai. Na amsa su ya fi sau dubu (kun ga ma na yi ta tun ba mu fara ba), shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta.

Wai mece ce ma'anarta, a taƙaice dai?

Zuzuta magana ce da gangan, ka ɗaga ta ka kai ta inda kowa ya san ba ta kai can ba, don mai saurare ya ji nauyin abin da ke ranka. Uwa ta ce wa ɗanta "tun safe nake kiranka har muryata ta dushe", ita ta san kiran bai wuce huɗu ba, shi ma ɗan ya sani, amma ai ya gane ranta ya ɓaci gara ya taso. Bature a nan cewa zai yi "I've told you a million times". In yunwa ta dame shi ya ce "I'm starving", mu kuma mu ce yunwa za ta kashe ni, alhali daga shi har mu kowa ya karya da safe.

Abin riƙewa tun daga nan shi ne duk ku biyun kun san ƙari ne. Wannan sharaɗin zai yi ta dawowa a ƙasa, musamman a amsar ƙarya da amsar kotu.

Ya ake furta ta ne, haifa-bol?

A'a, kuma kusan kowa da haka ya fara, har da ni. Gaɓa huɗu gare ta: hai-PAA-ba-li, nauyin murya a kan gaɓa ta biyu. Ba'amurke zai ɗan murɗa harshe ya fito da r ɗin, yawancin mutanen Ingila ba sa fitar da shi. Wannan e na ƙarshe ba kurma ba ne kamar na hole ko pole, furta shi ake yi, saboda kalmar daga Girkanci ta zo, haka 'yan'uwanta epitome da catastrophe da apostrophe, dukkansu da "i" suke ƙarewa a baki.

Kada wanda ya taɓa kuskuren ya ji kunya. Julia Gillard tana Firayim Ministar Ostireliya a 2011 ta ce haifa-bol a wata hira, 'yan jarida suka yi ta tsokanarta, kuma ita da Turancin ta tashi.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Kalmomin Girkanci biyu ne aka haɗa, hyper mai nufin ƙetare ko sama da, sai ballein mai nufin jifa. Wato jifan da ya wuce inda aka auna. Ta bi ta Latin ta shiga Turanci fiye da shekara 500 da suka wuce. Wannan saiwar ta jifa ita ce a cikin symbol da problem da parable da ballistic, ko da yake yanzu sai an tona ake ganinta.

Ni abin da ke burge ni shi ne kowane harshe da hoton da ya zaɓa. Bagirke ya ga jifa ya zarce. Mutumin Rum ya ga ana tara ƙasa tsibi a kan tsibi, daga nan exaggerate ta fito, don agger a Latin tarin ƙasa ne. Bahaushe kuwa tukunya ya leƙa da gona, ya ce an ƙara gishiri, ko an wuce gona da iri.

To meye bambancinta da exaggeration? Ba abu ɗaya ba ne?

Kusa suke amma ba ɗaya ba. Exaggeration ita ce uwa, ta ƙunshi kowane irin ƙari, na wasa da na yaudara da wanda mutum ya yi bai ma san ya yi ba. Direba ya ce maka fasinja 30 ya ɗauka jiya alhali 18 ne, yana kuma son ka yarda, wannan exaggeration ce amma ba hyperbole ba, don lambar da ya faɗa mai yiwuwa ce kuma kai ba ka san ya ƙara ba. In kuwa ya ce "jiya duk Kano na kwasa", ka ga wannan ba mai hankalin da zai ɗauko biro ya lissafa. Kowace hyperbole exaggeration ce, amma ba kowace exaggeration ce ta cancanci sunan ba.

Akwai kuma bambancin wurin zama. A hirar yau da kullum Bature exaggerate yake cewa, "stop exaggerating", "you're exaggerating". Hyperbole kalmar aji ce da jarida da muhawara, in ka jefo ta a teburin mai shayi ba laifi ka yi ba amma za a dube ka. A kula da rubutu ma, exaggerate g biyu ne r ɗaya, nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki. Ita kuma overexaggerate da wasu ke faɗa, ƙari ne a kan ƙari, malamai da yawa za su ja mata jan layi, a bar ta kawai.

Da Hausa wace kalma za mu sa mata?

Ya danganta da inda kake. A ajin adabin Hausa, wurin adon harshe, kambamawa ake cewa, wasu malamai su ce kambamar zulaƙe. Ita ce ta fi dacewa da hyperbole kai tsaye. A bakin jama'a kuwa akwai zuzutawa da zuguiguitawa da ƙarin gishiri, kuma waɗannan sun fi kama da exaggeration tunda suna iya ɗaukar zargi, in aka ce maka "kai dai ka cika ƙarin gishiri" ba yabonka aka yi ba. Cika baki daban ne, shi a kanka kake zuzutawa. Wanda ya yi karatun balaga, wato fasahar magana ta Larabci, a zaure ko Islamiyya ya san ta da mubalaga.

Kuma fa mu ba baƙinta ba ne ko kaɗan. Kasuwa ta cika ba masaka tsinke, dariya ta kashe ni, duk duniya ta ji labarin, ya yi kuka kamar ransa zai fita. Kirarin mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri kusan gaba ɗaya da ita aka gina shi, haka maroƙi in ya kira maigida giwa ko zaki ba wanda zai je neman haure. Ɗalibin da ya ce bai gane hyperbole ba, sunan ne kawai ya yi masa baƙo.

Shin ba ƙarya ba ce aka yi wa kwalliya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, kuma tsohuwa ce sosai. Quintilian, malamin iya magana a Rum a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya yarda cewa maganar ba gaskiya ba ce a lafazinta, amma ya ce ba da niyyar yaudara ake yin ta ba. Nan ne iyakar take. Maƙaryaci so yake ka yarda da abin da ya faɗa, mai kambamawa kuwa in ka yarda da lafazinsa ma ka ɓata masa magana, don ya dogara ne da cewa za ka cire gishirin da kanka. Aristotle, masanin falsafar Girka, kafin shi ya lura cewa salon samari ne kuma masu fushi sun fi yawan yin sa, duk wanda ya taɓa raba faɗa a tasha ya san gaskiya ya faɗa.

Malaman balagar Larabci sun fi kowa tsefe abin a ganina, sun raba mubalaga gida 3. Akwai tablig, abin da hankali ya yarda zai yiwu kuma a al'ada ma yana faruwa. Akwai igraƙ, wanda hankali bai hana ba amma ba a saba gani ba. Sai guluwwi, wanda hankali da al'ada duk sun ƙi shi. Abin mamakin shi ne a zaman yau da kullum na ƙarshen ne ya fi wuyar yaudarar mutum, tunda ya fito fili, haɗarin yana wajen ƙaramin ƙari mai kama da gaskiya, kamar direban nan na amsar sama.

Shi ya sa nake ɗaga gira in na ji ɗan siyasa ya faɗi adadi, an kama shi, sai ya dawo ya ce ai hyperbole ce. Donald Trump ma a littafinsa na 1987 ya kira salonsa "truthful hyperbole", wai kambamawa mai gaskiya. In dai mai saurare ya tafi gida da lambar a matsayin gaskiya, sharaɗin farko ya karye, sunanta ya canza.

A jimla ya zan sa ta, "a hyperbole" ko "hyperbole" kawai?

Mafi yawan lokaci ba a sa mata a, kamar dai ruwa ko shinkafa da ba a ƙirga su: "That's just hyperbole", "The speech was full of hyperbole". Amma in kana nuna misali guda a cikin waƙa ko labari za ka iya cewa "this line is a hyperbole", ko mafi aminci "an example of hyperbole". Sifarta hyperbolic ce, ita kuma furucinta hai-pa-BO-lik, nauyin ya koma gaba. Aikatau ɗin hyperbolize yana cikin ƙamus amma da wuya ka ji shi a bakin mutum, exaggerate ita ke yin wannan aikin.

Ita da hyperbola ta lissafi fa, 'yan gida ɗaya ne?

Eh, uwa ɗaya uba ɗaya. Hyperbola lanƙwasar layi ce da ake samu in an yanka mazugi, kuma Apollonius na Perga, masanin lissafin Girka da ya rayu kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake jinginawa sunan, daga wannan ma'anar ta wuce iyaka. Turanci ya raba su da harafin ƙarshe, a na lissafi, e na adabi. Faransanci bai raba ba, kalma ɗaya ce hyperbole ga duka biyun kuma i-per-bol ake furta ta. Don haka 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Garwa in sun ce iperbol daidai suke a Faransanci, sai in sun shigo Turanci ne za su koma amsar furuci a sama.

A jarrabawa ya zan bambance ta da simile da metaphor?

Da Hausa simile kamantawa ce, metaphor siffantawa, personification mutuntarwa. Ka fara tambayar kanka, ana kwatanta abu biyu ne ko ana ƙara girma da yawa ne? In akwai like ko as ana haɗa abu da wani, simile ce. In an ce wane shi ne kaza kai tsaye, "he is a lion", metaphor ce. In kuwa adadi ko girma ko tsawon lokaci ne aka kai inda ba zai yiwu ba, kamar "her tears flooded the whole village" ko "I waited for ages", to hyperbole ce.

Matsalar ita ce suna hawa kan juna, "he ran like the wind" ai akwai ƙari a ciki kuma akwai like. Shawarata a tambayar zaɓi ka bi alamar da ta fito fili, in like ko as na nan kuma simile na cikin zaɓin ka ɗauke ta. A tambayar rubutu kuwa kada ka tsaya a kiran suna, ka faɗi abin da ƙarin ya yi, ya nuna zafin baƙin ciki ne, ko ba'a ce, ko yabo. Makin yana wurin nan, kuma nan ne yara suke gudu su bar shi.

Na ji ana cewa "I literally died laughing", wannan daidai ne?

Asalin literally ita ce kalmar da ke cewa "ba ƙari a maganata, a zahiri haka ya faru". Sai mutane suka ɗauke ta suna ƙarfafa kambamawa da ita, mutum yana tsaye da ransa yana cewa a zahiri ya mutu. A 2013 an yi ta surutu a intanet da aka lura ƙamusoshi, har da bayanin da Google ke nunawa, sun sa wannan ma'ana ta biyun, wasu suna cewa an kashe Turanci (wannan ma hyperbole ce). Alhali tun ƙarni na 18 ake samun ta a rubuce haka. A hira ba wanda zai kama ka, a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki ka guje ta.

Mu ma muna da irin wannan kuma namu ya fi nauyi, wato wallahi da ake liƙa wa kowace zuzutawa, "wallahi na mutu da dariya". Literally kalma ce kawai, wallahi kuwa rantsuwa ce, ni dai ina ganin gara a bar kambamawa ta tsaya da ƙafarta.

Tana da kishiya?

Tana da, understatement, wato rage wa magana nauyi da gangan. Akwai wani reshe nata da ake kira litotes, inda ake kore kishiyar abu don a tabbatar da shi, "not bad" a maimakon "very good". An san mutanen Ingila da wannan, amma Bahaushe ma gwani ne. Ka je duba mara lafiya yana kwance ko juyawa ba ya iyawa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Attajiri mai tireloli ya ce muna ɗan taɓa kasuwanci, ya gina bene ya ce ku zo ku ga 'yar bukkata. "Ba laifi" kuwa ita ce "not bad" ɗinmu sak.

Mai talla in ya zuzuta kayansa, za a iya kai shi kotu?

Lauyoyin Turanci suna da sunan wannan, puffery, zuzutawar talla da doka ta ɗauka ba mai hankalin da zai riƙe ta a matsayin alkawari, irin "shayin da ya fi kowane daɗi a duniya". Amma akwai shari'u biyu da suka nuna inda layin yake. Ta farko ɗaliban lauya a Najeriya da Ghana duk sun san ta, Carlill da kamfanin Carbolic Smoke Ball a Ingila. A 1891 kamfanin ya yi talla cewa duk wanda ya shaƙi maganinsu sau 3 a rana har mako 2 kuma mura mai zafi ta kama shi za a ba shi fam 100, har suka ce sun ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske suke. Louisa Carlill ta yi amfani da shi, murar ta kama ta, suka ce ai zuzutawar talla ce. Kotun ɗaukaka ƙara a ƙarshen 1892 ta ce ina, wanda ya ambaci kuɗin da ya ajiye a banki ba wasa yake ba, su biya.

Ta biyu a Amurka, Pepsi suka yi tallan tara maki a karɓi kyauta, a ƙarshen tallan suka nuna jirgin yaƙi samfurin Harrier a kan maki 7,000,000. Wani matashi John Leonard ya lura ana iya sayen makin a kan santi 10 kowanne, ya haɗa kuɗi ya aika musu cakin dala dubu 700 da 'yan kai ya ce a ba shi jirginsa. A 1999 kotun tarayya a New York ta ce ba mai hankalin da zai ɗauka za a ba shi jirgin kusan dala miliyan 23 a haka, raha ce. Kun ga sharaɗin nan na amsar farko ne dai ya sake fitowa sanye da rigar alƙali.

A shari'ar ɓata suna ma haka. Kotun Ƙolin Amurka a 1970, a shari'ar wata jarida ta garin Greenbelt, ta ce kalmar blackmail, wato tilasta wa mutum ta hanyar barazana, da mutane suka jefi wani mai gine-gine da ita a taron majalisar gari "rhetorical hyperbole" ce, zafin muhawara ne ba zargin aikata laifi ba. Wannan dokar Amurka ce fa, kada wani ya je ya zagi mutum a Facebook ya ce ni na ba shi fatawa.

Hype da cap da matasa ke faɗa, duk ita ce?

A'a. Hype zuzuta abu ne don a ja hankalin jama'a kafin ya fito, sabuwar waya ko wasan ƙwallo, in ya zo bai kai ba a ce overhyped. Cap kuwa a bakin matasa ƙarya ce tsagwaronta, daga Turancin baƙaƙen fatar Amurka ta yaɗu, "no cap" na nufin ba ƙarya. Duka biyun na hira ne, ba na takardar WAEC ba.

A ina ne bai kamata in yi ta ba sam?

Duk inda za a rubuta maganarka a yi aiki da ita. Gaban likita in ka ce ka kwana 7 ba ka runtsa ba, shi ba adabi yake karantawa ba, rubutawa zai yi ya ba ka magani a kai. Haka wurin ba da shaida, rahoton ofis, takardar neman aiki, da labarin hatsari ko rikici da ake turawa a WhatsApp, inda "mutane sun mutu ba adadi" ke tashi daga bakin wanda ya firgita ta isa wayar wanda zai ɗauke ta da gaske.

Wai da gaske ne wani marubuci ya ce an zuzuta labarin mutuwarsa?

Da gaske ne, Mark Twain na Amurka. A 1897 yana Landan, wani ɗan'uwansa mai suna James Ross Clemens ya kwanta rashin lafiya a can, tunda shi ma Twain ainihin sunan gidansu Clemens ne sai labari ya rikiɗe ya zama shi ne ba lafiya, har ya kai ga wai ya rasu. Wakilin jaridar New York Journal ya nemi jin ta bakinsa, ya rubuta masa "The report of my death was an exaggeration." Ku lura exaggeration ya ce ba hyperbole ba, kuma daidai ya zaɓa tunda masu yaɗa labarin sun yarda da shi, a duba amsar bambancin su biyun. Ya ƙara shekara 13 a duniya, sai 1910 ya mutu. Yau kuwa in ka nemi maganar a intanet galibi "greatly exaggerated" za ka gani, wato ita kanta an bi ta an ƙara mata gishiri.